Shin Ƙarin Mafi Ƙarancin Albashi Yana Kashe Aiki?

Duk lokacin da aka zauna ciniki kan mafi ƙarancin albashi, kowa ya san abin da kowane ɓangare zai faɗa tun kafin a buɗe taro. Masu kamfanoni za su ce in aka matsa musu za su rage ma'aikata, 'yan ƙwadago kuma su ce barazana ce kawai. Haka aka yi a Abuja a 2024: ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka buɗe da naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000, aka yi ta ja-in-ja har da yajin aikin 3 ga Yuni da ya jefa ƙasar cikin duhu, kafin a yi sallama a kan 70,000 a watan Yuli. Masana tattalin arziki sun shafe fiye da shekara 30 suna auna wannan gardama da alƙaluma, kuma abin da suka samo bai ba kowane ɓangare cikakkiyar gaskiya ba.

Tsohon karatun mai sauƙi ne. Ƙwadago haja ce, haja kuwa in ta yi tsada masu saye sai su ja baya. Har farkon shekarun 1990 yawancin masana a Amurka sun tsaya a kan cewa ƙarin kashi 10 cikin ɗari yana rage aikin matasa da kashi 1 zuwa 3. Sai dai hanyar da aka bi aka samo wannan adadi tana da rauni. Ana duba alƙaluman ƙasa gaba ɗaya ne shekara bayan shekara, alhali a cikin waɗannan shekarun ba albashi kaɗai ke motsi ba: kasuwa na buɗewa tana rufewa, farashin mai na hawa yana sauka. In aiki ya ragu bayan ƙarin albashi, ta yaya za a tabbatar ƙarin ne ya jawo, ba karayar kasuwar da ta zo tare da shi ba?

David Card da Alan Krueger, waɗanda a lokacin suke Jami'ar Princeton, sun sami hanyar kewaye wannan matsala. A ranar 1 ga Afrilu 1992 jihar New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin albashinta daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa. Maƙwabciyarta Pennsylvania ta tsaya a 4.25. Sai suka zaɓi gidajen sayar da abinci 410 na Burger King, KFC, Wendy's da Roy Rogers, 331 a New Jersey, 79 a gabashin Pennsylvania. Suka tambayi manajoji yawan ma'aikatansu a Fabrairu da Maris, kafin dokar ta fara aiki, suka sake tambaya a Nuwamba da Disamba. Dabarar ita ce duk abin da ya sami kasuwar yankin, na alheri ko na tsiya, zai sami ɓangarorin biyu na iyakar, don haka in aka cire canjin Pennsylvania daga canjin New Jersey, abin da ya rage aikin dokar ne. Wannan shi ake kira bambancin bambanci.

Ga abin da ya fito. A Pennsylvania, inda ba a ƙara komai ba, matsakaicin yawan ma'aikata a kowane gida ya sauka daga 23.3 zuwa 21.2. A New Jersey ya ɗan hau daga 20.4 zuwa 21.0. Babu alamar asarar aikin da littattafan karatu suka yi alkawari. Abin da ya motsa shi ne farashin abinci, wanda ya ƙaru da kimanin kashi 4 a New Jersey idan aka kwatanta da maƙwabciyarta.

Da aka buga sakamakon a 1994, an yi musu ca. Suka mafi ƙarfi ta fito daga David Neumark da William Wascher, waɗanda suka ce amsar manaja ta wayar tarho ba abin dogaro ba ce, domin wani zai ƙirga masu aikin rabin yini, wani ya manta da su. Su sai suka tattaro takardun biyan albashi, suka ce sun ga raguwar aiki ta kimanin kashi 4. Card da Krueger suka mayar da martani a 2000 da alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta gwamnatin Amurka, waɗanda suka ƙunshi gidaje da yawa fiye da na kowa, kuma a nan tasirin ya fito kusan sifili. Wato ƙaruwar aikin da aka gani da farko ba ta tsaya da ƙafarta ba, raguwar ma haka. Card ya sami kyautar Nobel a 2021 tare da Joshua Angrist da Guido Imbens, shekara biyu bayan rasuwar Krueger, kuma saboda hanyar binciken aka ba shi, ba don an rufe gardamar ba.

To me zai sa a tsadantar da abu amma sayensa bai ragu ba? Amsar da ta fi samun karɓuwa ba sabuwa ba ce, domin Joan Robinson ta Jami'ar Cambridge ta bayyana ta tun 1933. Wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar ƙauyen da dillali ɗaya ne ke saye ya riga ya san ta: mai saye tilo shi ke yanka farashi. Ma'aikaci ma sau da yawa ba shi da masu saye da yawa. Kuɗin mota, nisan gari, makarantar yara, rashin sanin inda ake ɗaukar aiki, tsoron zaman wata biyu ba albashi, duk suna ɗaure shi a inda yake, ko da an rage masa wani abu.

Mu yi lissafi da misali. A ce masana'anta ce tilo a wani gari, tana da ma'aikata 100, kowa na karɓar naira 50,000 a wata, kuma kowane ma'aikaci yana kawo mata 80,000. Mai masana'antar yana son ƙarin mutum 10, amma ba za su zo ba sai a kan 55,000. In ya ba sababbi 55,000, dole ya ba tsofaffi ma, in ba haka ba rigima ta tashi. Kuɗin albashinsa zai tashi daga miliyan 5 zuwa miliyan 6 da dubu 50, ƙarin miliyan 1 da dubu 50 ke nan, alhali sababbin goma 800,000 kawai za su kawo. Sai ya fasa, ya ci gaba da kukan rashin ma'aikata. Yanzu a ce doka ta sa 55,000. Tsofaffin ɗari sun riga sun hau, ko yana so ko ba ya so. Ɗaukar goman nan yanzu 550,000 ne kawai, su kuwa za su kawo 800,000. Sai ya ɗauke su. Dokar ta rage masa riba, ta kuma ƙara yawan ma'aikata. Amma a ce dokar ta sa 90,000, sama da abin da ma'aikaci ke kawowa. Nan tsohon karatu zai dawo da ƙarfinsa, sallama ce ko rufe ƙofa. Saboda haka muhimmiyar tambaya ita ce nawa aka ƙara, kuma a wace irin kasuwa.

Ma'aunin da masana ke amfani da shi shi ne albashin tsakiya. A jera dukkan ma'aikata daga mai karɓar mafi ƙanƙanta zuwa mai karɓar mafi tsoka, a ɗauki na tsakiyar layi, sannan a duba kashi nawa ne mafi ƙarancin albashi a cikin nasa. A 2019 Doruk Cengiz, Arindrajit Dube, Attila Lindner da Ben Zipperer suka bi ƙare-ƙare 138 da jihohin Amurka suka yi tsakanin 1979 da 2016. Maimakon su ƙirga ayyuka gaba ɗaya, sai suka ƙirga ayyukan da suka ɓace a ƙasan sabon adadin, suka kwatanta da waɗanda suka bayyana a kansa ko ɗan samansa. Biyun sun yi kusan daidai har tsawon shekara biyar. Aikin dala 7 bai mutu ba, ya koma aikin dala 8. Amma ƙare-ƙaren da suka duba ba su wuce kimanin kashi 59 na albashin tsakiya ba, kuma masu kafa hujja da wannan bincike sukan manta da wannan sharaɗi.

Birnin Seattle na jihar Washington a Amurka ya nuna abin da ke faruwa in an hau da sauri. Mafi ƙarancin albashinsa ya kai dala 11 a awa a 2015, ya kai har 13 a 2016. Masu bincike na Jami'ar Washington sun sami alƙaluman da ba kasafai ake samu ba, domin jihar tana rubuta awowin aiki, ba kuɗi kaɗai ba. Suka ga kuɗin awa ya hau da kimanin kashi 3 a ƙananan ayyuka, amma awowin sun ragu da kimanin kashi 9. Wata tawaga daga Jami'ar California da ke Berkeley ta duba gidajen abinci a birnin, ba ta ga asarar aiki ba. An soki na Washington da cewa alƙalumansu ba su ƙunshi kamfanoni masu rassa da yawa ba, kuma birnin na cikin bunƙasa, don haka wasu ayyukan da suka "ɓace" hawa sama suka yi. Da suka sake dubawa ta hanyar bin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, sai suka ga tsofaffin hannu sun amfana, sababbin shiga ne ƙofa ta ƙuntata musu. Wannan ya fi adadin farko amfani, domin ya nuna asarar tana iya faɗawa kan wanda bai ma sami aikin ba tukuna, wanda ba ya cikin kowace ƙungiyar ƙwadago balle a ji kukansa.

In ba a kori ma'aikata ba, daga aljihun wa kuɗin ke fitowa? Hangari ta ba da amsa mafi tsabta, domin ƙarin da ta yi babba ne: daga forint (kuɗin ƙasar) 25,500 a wata zuwa 40,000 a 2001, sannan 50,000 a 2002. Péter Harasztosi da Attila Lindner sun bi littattafan kamfanoni suka gano cewa kimanin kashi 75 na kuɗin masu saye ne suka biya ta hanyar ƙarin farashi, masu kamfanoni suka ɗauki kashi 25. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu wannan albashi ya rasa aikinsa, kuma asarar ta fi yawa a masana'antun da ke sayarwa ƙasashen waje, waɗanda ba su da ikon ƙara farashi saboda gasa. Mai gidan abinci zai iya ƙara kuɗin faranti tunda abokan gasarsa ma dokar ta hau kansu. Mai ɗinkin rigunan da ke gogayya da kayan Sin ba shi da wannan mafita.

Jamus kuma ta nuna wata hanyar. Ta kafa mafi ƙarancin albashi na ƙasa a Janairu 2015 a kan yuro 8.50 a awa, bayan wasu masana sun yi hasashen asarar ayyuka dubu ɗaruruwa. Asarar ba ta zo ba. Christian Dustmann da abokan aikinsa sun gano cewa ma'aikata sun ƙaura ne daga ƙananan wurare masu biyan kaɗan zuwa manyan kamfanoni masu biyan da yawa. Wasu ƙananan shaguna sun rufe, kuma ma'aikatan sun koma yin tafiya mai nisa zuwa aiki. Sharaɗin wannan sakamako a fili yake: sai akwai babban kamfanin da ke jiran ɗaukar wanda ƙaramin ya saki.

A nan ne aro daga waɗannan bincike ke fara zama haɗari ga Najeriya. Dukkansu an yi su ne a ƙasashen da yawancin masu aiki 'yan albashi ne, kuma doka na iya isa gare su. Binciken ƙwadago na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tun 2023 yana nuna cewa sama da kashi 90 na masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista, kuma masu karɓar albashi ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Manomi, mai shayi, tela, ɗan kasuwar Kwari, direban A Daidaita Sahu mai biyan balas kullum, babu wanda dokar ta ambata a cikinsu, domin ba su da mai biyansu albashi. A cikin 'yan albashin ma dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin rabin lokaci, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin lokaci-lokaci irin na gona. Da wannan aka fitar da yaron shago, da ɗan ƙwadagon gona, da yawancin malaman ƙananan makarantun kuɗi, wato mutanen da suka fi kowa ƙarancin samu.

Wa ya rage? Ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni. Gwamnati kuwa ba ta lissafin riba irin na mai masana'antar misalinmu, don haka martaninta daban ne. Ba ta cika korar ma'aikata ba. Takan dakatar da ɗaukar sababbi, ta jinkirta ƙarin girma, ta tara bashin fansho da giratuti, ko ta ƙi aiwatarwa kawai. Buhari ya sa hannu a kan 30,000 a Afrilu 2019, amma sai a tsakiyar 2024 jihar Zamfara ta fara biya. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan 70,000 ɗin da doka ta riga ta ba su. Kuma babban nauyin ba a kan ɗan mataki na ɗaya yake ba, domin irinsu ba su da yawa. Yana kan gyaran da za a yi wa sauran matakai, tunda ba za a bar masinja ya kamo akawu ba. Shi ya sa bayan an sa hannu a Abuja ake sake wani sabon ciniki a kowace jiha. Kano ta tsaya a 71,000, Kaduna 72,000, Legas 85,000.

Wannan bambanci na jihohi yana tayar da batun albashin tsakiya. Kundin tsarin mulki ya sa mafi ƙarancin albashi cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka adadi ɗaya ne daga Ikeja har Gusau. Adadin da bai kai rabin albashin tsakiya a Legas ba yana iya zarce shi a wani gari na arewa. A wurin farko dokar ba ta ciza sosai, a na biyu kuma ta yi tsananin da zai sa a yi watsi da ita. Masu kamfanoni masu zaman kansu suna da nasu hanyoyin kaucewa da kowa ya sani: ɗaukar ma'aikata ta hannun 'yan kwangila, mayar da albashi kamasho, ko raba kamfani gida biyu don kowane ya tsaya ƙasa da mutum 25. A alƙaluma ba za a ga aiki ya ragu ba. Ingancinsa ne ke raguwa, a rasa fansho, a rasa hutu, a rasa takardar ɗauka.

Duk da haka kuskure ne a ce dokar ba ta taɓa wanda ba ta ambata ba. A Birazil an daɗe da lura cewa in mafi ƙarancin albashi ya hau, ladan masu aiki ba rajista ma yakan bi, domin adadin ya zama abin da ake kafa ciniki a kansa. Suna kiran wannan tasirin fitila. A Afirka ta Kudu, bayan dokar albashin 'yan aikin gida ta 2002, Taryn Dinkelman da Vimal Ranchhod sun ga lada ya hau sosai ba tare da asarar aiki a fili ba, alhali kusan babu mai bin gida-gida yana dubawa. Amma a ƙasar dai, dokar albashin ma'aikatan gona ta 2003 ta ɗaga lada ta kuma rage ayyuka, kamar yadda Haroon Bhorat, Ravi Kanbur da Benjamin Stanwix suka nuna. Uwar gida ba ta da injin da zai maye gurbin mai aikinta, mai gona kuwa yana da tarakta, kuma farashin amfanin gonarsa a kasuwar duniya ake yanka shi.

Sai batun tsadar rayuwa, wanda a Najeriya ya fi duk waɗannan nauyi. Dattawa na tuna Udoji: ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a 1974 zamanin Gowon, aka biya har da ariyas, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 1975. Tun daga nan ake cewa ƙarin albashi shi ke kawo tsada. Akwai gaskiya a ciki, amma wancan ƙari ya shafi dukkan matakai lokaci guda, a tsakiyar ambaliyar kuɗin mai. A 2024 tsadar ta riga ƙarin zuwa. An cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, an saki naira a watan Yuni, kuma zuwa Yunin 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.19, ta abinci kashi 40.87, duk kafin a sa hannu a kan dokar 70,000.

Lissafin ma ba ya goyon bayan kiran abin da ƙari. Daga 30,000 zuwa 70,000 ninki biyu ne da sulusi. Daga Afrilu 2019 zuwa Yuli 2024 ma'aunin farashin kaya ya ninka fiye da biyu da rabi. Wato sai an biya sama da 75,000 kafin a mayar da ma'aikaci inda yake ranar da Buhari ya sa hannu. Da dala abin ya fi muni: 30,000 a 2019 ta haura dala 80, 70,000 a Yulin 2024 kuwa ba ta kai dala 50 ba. Naira 125 da gwamnatin Shagari ta sa a 1981 ta kai kimanin dala 200 a lokacin. Masu tsoron cewa 70,000 za ta kashe ayyuka suna magana ne a kan albashin da a zahiri ya sauka.

Gyaran 2024 ya rage tazarar bita daga shekara biyar zuwa uku, don haka zama na gaba a 2027 ne. In farashi na hawa da kashi 20 a shekara, cikin shekara uku albashi zai rasa sama da kashi 40 na ƙarfin sayensa, sannan a zo a yi tsalle ɗaya babba, wanda shi ne irin ƙarin da ya fi girgiza kasafin jihohi da ƙananan kamfanoni. Wasu ƙasashen sun cire abin daga teburin siyasa. A Faransa ana gyara adadin kowane Janairu, kuma in farashi ya hau da kashi 2 a tsakiyar shekara yana ƙaruwa da kansa. Birazil na haɗa hauhawar farashin bara da bunƙasar tattalin arzikin shekara biyu baya. Birtaniya tun 1997 tana da hukumar da ta haɗa masu kamfanoni, 'yan ƙwadago da masana, tana duba alƙaluma tana ba da shawara duk shekara. Ɗaure albashi da farashi yana da nasa haɗari, domin Italiya ta yi haka har ta ga albashi da farashi suna korar juna, ta soke tsarin a 1992. Amma a can yawancin ma'aikata ne ke cikin tsarin. A ƙasar da 'yan albashi ba su kai ɗaya cikin biyar ba, ƙaramin gyara na shekara-shekara ba shi da ƙarfin tuƙa farashin masara, kuma zai ba kwamishinan kuɗi na jiha adadin da zai iya sakawa a kasafinsa tun kafin shekara ta kama.